Masaƙin Rauda

Ranar da Rauda ta fara ganin Kailani, da faɗa suka buɗe.

A shagon Madam Nwamaka ne, mai sayar da zaren saƙa a kasuwar Tudun Wada. Wata maƙwabciya ta ba Rauda aikin kayan jariri, ga suna ya ƙarato, ga ulu ruwan ɗorawa ya ƙare mata ana tsakiyar riga. Dunƙule ɗaya tak ya rage a kan kanta. Ta miƙa hannu, sai wani hannun ya riga ta.

Ta ɗago kai. Wani dogon saurayi ne siriri, da tabarau, da 'yar jakar fata a rataye a kafaɗa.

"Malam, ni na fara gani."

"Ni kuma na fara ɗauka," ya ce, ko a jikinsa.

"To ai aiko ka aka yi. Koma ka ce wa wadda ta aiko ka ba a samu ba. Ni aiki ke jirana."

Madam Nwamaka, wadda ta daɗe a Zariya har Hausa ta zauna daram a bakinta, ta kama haɓa tana dariya. Saurayin ya murza zaren tsakanin yatsunsa.

"In kayan jariri za ki yi, wannan ba zai yi miki ba. Kaushi gare shi, wanki ɗaya zai tashi ya yi gashi. Madam, ɗauko mata mai laushin nan da kike ɓoyewa a ƙasa."

"Kai kuma a ina ka san zare?"

Ya zuge jakarsa kaɗan, ya zaro wata hular sanyi da ba a gama ba, kwarashi na soke a jikinta. Rauda ta karɓa ta juya ta ciki da bai. Saƙar ta tafi sumul, babu inda ta yi sako-sako, babu inda ta ɗaure. Abin da ya fi ba ta haushi, ta fi tata kyau.

"Ƙanwarka ce ta yi."

"Ba ni da ƙanwa."

"To yi in gani."

Ya jingina da kanta, ya naɗa zaren a ɗan yatsa, kwarashin ya shiga rawa a hannunsa. Kafin Madam ta ɗauko ulun ya zagaye layi guda, kuma idonsa ba a kan aikin yake ba, a kan Rauda yake.

"Sunana Kailani. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tudun Jukun. In kin gama hararata, zan nuna miki yadda ake wannan ƙullin."

Ba ta gama hararar ba, amma ta ba shi lambar waya. Don ƙullin, in ji ta.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Assalamu alaikum. Ɓarawon ulu ne. Na bar miki dunƙulen a wajen Madam, ko kya huce. Amma gaskiya faɗa yana yi miki kyau."

Ta mayar masa: "Wa alaikumus salam. Ba na so. Da bakinka ka ce kaushi gare shi, shi ne za ka ba ni? Kuma ban tambaye ka abin da ke yi min kyau ba."

"Na ji, Barkono."

Daga ranar sunan ya bi ta. Ita kuma ta rama da "Masaƙi", wai don ta tsokane shi, har bakinta ya saba, ya koma "Masaƙina" ba ta ankara ba.

Kafin damina ta ɗauke, Kailani ya saba da zauren Alhaji Ɗantsoho, mahaifin Rauda, mai sayar da kayan gini a bakin titi. Alhaji ya yi bincike, aka ce masa yaron maraya ne, kawunsa ya riƙe shi a Gyallesu, ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla. Sai ya ba shi izinin zuwa zance.

Zancen saƙa kuwa Kailani ya roƙe ta kada ta kai shi cikin gida tukuna. A waya suke gasarsu. Ta tura masa hoton takalmin jariri, ya turo mata na shimfiɗar tebur mai zanen taurari da ya lissafa da kansa. Ta ce masa alfahari ne, sannan ta zauna ta kwaikwaya a ɓoye.

Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya. Duk abin da ta kawo masa, zoɓo ne, kunun aya ne, alkaki ne, sai ya yi godiya ya sha ruwa zalla.

"Wai ƙyamar hannuna kake yi?"

"Haba, Barkono. Zaƙi ne bai dame ni ba. Ke ma kin ishe ni."

"Ni da ka ce barkono ce? Kauce can da daɗin bakinka."

Sai ya yi dariya, ya duba agogo, ya ce lokacin tafiyarsa ya yi. Kullum haka, kamar wanda ake jira a wani wuri.

Akwai kuma Adnan, ɗan aminin Alhaji, mai shagon wayoyi, wanda ya daɗe yana zarya Rauda na ce masa ta gode. Tare suka yi sakandare da Kailani. Da ya ji an ce magabatan Kailani su zo bayan ƙaramar salla, sai ya ɗauke ƙafa. Rauda ta ɗauka haƙura ya yi.

Azumi ya kama cikin zafi mai tsanani. Wata rana bayan la'asar, Rauda na feraye dankali a tsakar gida, wata ƙawarta ta turo mata bidiyo, da tambaya a ƙasa: "Ba naki ba ne wannan?"

Nata ne. Kailani ne zaune dirshan a ƙasa a ƙofar shagon Madam Nwamaka, da rana tsaka, ya kafa kai yana kwankwaɗar lemon kwalba. Hannunsa na rawa, gumi ya jiƙe masa riga. Jakarsa ta kife a gefe, mai ɗaukar hoton ya matso da waya kan abin da ya zube: zare, kwarashi, wata 'yar safa ja, da sirinjin allura. A saman bidiyon an rubuta: "Surukin Alhaji Ɗantsoho. Ba azumi, ga allurar maye, ga aikin mata."

Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Kafin a sha ruwa, bidiyon ya zagaye Tudun Wada.

Ta shige ɗaki, ta rubuta wa Kailani:

"Na ga bidiyo. Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba. Ka rubuto min gaskiya, in kana da ita."

An jima amsa ta zo:

"Rauda, ciwon suga gare ni tun ina sakandare. Allurar insulin ce kika gani, kullum nake yi wa kaina, da ita nake rayuwa. Likita ya hana ni azumi, ciyarwa nake yi. Yau na yi allura ban ci abin kirki ba, don kunyar a gan ni ina ci a makaranta, sai sugana ya sauka a hanya. Da ban sha lemon nan ba, da yanzu wani zancen ake yi. Na so in gaya miki tun farko. Tsoro na ji. Ki yafe min."

Ta karanta, ta sake karantawa. Fushin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya.

Washegari da hantsi ta ce ya same ta a shagon Madam. Ta tarar da shi a kan benci a can ciki, ya yi zuru-zuru. Ko zama ba ta yi ba.

"Tsoron me? Ni dodo ce?"

"Rauda..."

"Wata da watanni ina dafa maka zoɓo ina gumbuɗa suga kamar mahaukaciya, kana zaune kana kallona! Da wata rana ka sha don kunya fa? In kashe ka da hannuna ban sani ba?"

"Kafin ke akwai wata," ya ce, bai ɗago ba. "Har an sa rana. Da suka ji, a keke aka dawo mana da kaya, ko sallama babu. Uwarta cewa ta yi ba za ta ba gawa 'yarta ba."

Ya cire tabarau. Rauda ba ta taɓa jin muryarsa ta tashi ba sai ranar.

"Kin san sau nawa aka ce min kwaɗayina ne ya jawo? Ina yaro fa ya same ni. Kowa likita ne a kaina. Wannan ya ce in sha shuwaka, wancan ya ce in yar da allura in zo a ba ni jiƙo, wani ya ce jifa ne. In na ci abinci a sa min ido, in na ƙi ci a sa min ido. A wurinki kaɗai nake mutum. Kina yi min faɗa kamar kowa, ba kya tausayina. Na so in ƙara ɗan jin daɗin hakan." Ya dube ta. "Ke ma da kika ga allurar, me kika fara zato?"

Rauda ta kawar da kai. Ta san abin da ta zata, ko da na ƙiftawar ido ne, kuma kunyarsa ta kama ta.

Ta ja kujera ta zauna. "Buɗe jakar nan. Duka."

Ya buɗe. Ga 'yar na'urar gwajin jini, ga auduga, ga dabino da alawa a ƙulle a leda. Ya gaya mata a gida cikin 'yar randa yake ajiye maganin, a kan jiƙaƙƙen yashi, saboda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ya gaya mata dalilin duba agogo, cewa allura da abinci lokaci gare su.

"Kwarashin fa?"

"Kakata. Da aka fara kwantar da ni a asibiti, duk abin da aka miƙo min jifa nake da shi, don haushi. Ita ke jinyata, tana zaune tana saƙarta. Rannan ta danƙa min kwarashi ta ce tunda hannuna ba ya zama, ga aiki. Ta rasu, ni kuma na ci gaba. Ba wai magani ba ne, Rauda. Ina son sa ne kawai."

"In ka fara rawar nan da gumi, me zan yi?"

Ya tsaya yana kallonta.

"Tambayarka nake, Masaƙi. Me zan yi?"

"Ki ba ni abu mai zaƙi, da sauri. In ba na iya haɗiya, kada ki ɗura min, asibiti za ki kai ni."

Madam Nwamaka, da ke ta jera zare tana sauraro, ta juyo. "Ni na buɗe masa lemon nan. Kin san wanda ya ɗauki hoton? Adnan mai waya. Yaron nan ya kira sunansa da bakinsa, ya ce Adnan sugana ne, taimake ni. Shi kuma ya zaro waya. Wannan wurin ya yanke daga bidiyon."

Rauda ta miƙe zumbur, sai da Kailani ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Shagonsa! Yau sai Tudun Wada ta ji mu."

"Da azumi a bakinki? Ki rufa min asiri, Barkono. Bidiyo ɗaya ya ishe mu."

Da ta koma gida, bayan an sha ruwa, Alhaji ya sa aka kira ta. Inna Ishatu, mahaifiyarta, na zaune a gefe ta zuba tagumi.

"Na aika wa kawun yaron nan kada su zo," ya ce. "Magana ta ƙare."

Rauda ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta yi bayani tiryan-tiryan. Tana tsammanin in ya ji ba maye ba ne zai sauko. Amma tana ambaton ciwon suga, fuskarsa ta ƙara rufewa.

"Da ma mayen ne," ya ce a hankali. "Mashayi yana shiryuwa. Wannan fa?"

"Baba!"

"Ni na yi jinyar ƙanena Mika'ilu. Kina ƙarama, ba ki san komai ba. Yatsa aka fara yankewa, sai ƙafa, sai ido ya tafi. A gabana matarsa ta tsufa a bakin gado. Ba zan ɗauki 'yata da hannuna in kai ta can ba. Ga shi kuma namiji da gemunsa ya zauna yana saƙa safar jarirai, duk gari ana yi da ni."

Ƙirjin Rauda ya yi zafi. Ta danne, ta danne, ya ƙi dannuwa.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Babbar rigar da kake zuwa Idi da ita, wa ya yi mata aiki? Ba maza ba ne a cikin birni suke zaune da zare da allura?"

"Rauda!" Inna ta daka mata tsawa. "Da ubanki kike magana."

"Na sani, Inna. Amma ke kika ba ni labari, Baba Mika'ilu jiƙe-jiƙe ya yi ta sha, bai taka asibiti ba sai da ƙafa ta lalace. Wannan kuwa tun yana yaro yake kula da kansa. An wulaƙanta shi a tsakiyar kasuwa don ya ceci ransa, maimakon a tambayi wanda ya tsaya yana ɗaukar hoto, shi ake hukuntawa. Cikin masu lafiyar, wa aka ba tabbacin zai kai gobe?"

"Tashi ki ba ni wuri," in ji Alhaji.

Sauran azumin a daddafe Rauda ta yi shi. Mata suka yi ta sintiri a gidan, wai sun zo taya Inna jaje. Wannan ta ce ai masu suga ba sa haihuwa. Waccan ta rage murya ta ce ba sa ma iya riƙe mace. Wata gwaggo ta ce Allah ne ya tona shi don ya tsare yarinyar. Rauda na ɗaki tana ji, tana saƙa tana warwarewa, don duk layin da ta yi cikin fushi sai ya ɗaure kamar igiya.

Rannan ta kasa haƙuri ta ɗaga labule. "Gwaggo, a wane asibiti kika yi aiki?"

Inna ta jefe ta da mafici.

A makaranta ma wasu iyaye suka yi ƙorafi, aka ce wa Kailani ya ɗan zauna a gida har ƙura ta lafa. Ran da ta ji wannan, Rauda kuka ta yi, na takaici.

Ya rubuto mata: "Barkono, in Baba ya tsaya a kan a'a, kada ki saɓa masa saboda ni. Na saba."

Ta amsa: "To ka daina sabawa. Ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan auri wani ba. Ka ci abinci? Ka yi gwaji?"

"Na ci, na yi. Daidai yake. Ke ce kawai babu."

"Ina nan, Masaƙina. Ina nan daram."

Ran salla da yamma Madam Nwamaka ta yi sallama a gidan, ta sha ado. Shekara da shekaru suna gaisawa da Alhaji a kasuwa, shi ya sa da ta ce da shi take son magana, ya shigo tsakar gida ya zauna. Rauda ta laɓe a bayan ƙofa.

"Alhaji, ni ba azumi nake yi ba, amma na zauna da ku na san darajarsa. Ba zan miƙa wa Musulmi lemo da rana don wasa ba. Yaron nan mutuwa yake yi a ƙofar shagona." Ta faɗi komai, har kiran sunan da aka yanke. "Zancen aure naku ne, ba ruwana. Amma ƙarya aka yi a ƙofata, shi ya sa na zo."

Washegari Alhaji ya aika aka kira Adnan. A zaure suka zauna, Rauda na jiyo su ta soro.

"Ka san yaron nan yana da ciwon suga?"

"Ai Baba tun muna makaranta kowa ya sani. Shi ya sa na ga bai kamata a rufe ku ba, na..."

"Ka sani ke nan. Ka sani, ka rubuta maye." Muryar Alhaji ta yi kauri. "Mutum ya kira sunanka yana neman ceto, ka zaro waya. Da 'yata ce ta faɗi a gidanka fa? Albarkacin mahaifinka ba zan kai maganar nan gaba ba. Amma ka fita ka gaya wa duk wanda ka tura wa cewa ƙarya ka yi, kuma kada in ƙara ganin ƙafarka a zauren nan."

Rauda ta ji sanyi a ranta, amma na ɗan lokaci ne. Alhaji ya kori Adnan, bai kira Kailani ba.

Kailani ne ya kawo kansa. Ya zo da safe, ya durƙusa a gaban Alhaji, bai tsaya kwana-kwana ba.

"Baba, na yi laifi da na ɓoye, ina neman afuwa. Ba zan ce maka zan warke ba, don ba a warkewa. Ran Talata nake ganin likita. Ina roƙon ka zo mu je tare, ka tambaye shi duk abin da kake jin nauyin tambayata. In ka ji ka ce a'a, ba za ka sake ganina ba."

Alhaji ya tashi ya shige cikin gida. Amma ran Talata, Rauda ta ga ya sa hula ya fita tun da sassafe, kuma ba hanyar shago ya bi ba.

A ranar Rauda ta ƙona miya, ta fasa kofi. Sai bayan azahar ya dawo. Ya zauna a kan tabarma ya ce Inna ta ba shi ruwa, Rauda kuwa ta ƙi barin bakin madafa don ta ji.

"Likitan bai ɓoye min komai ba," ya ce wa Inna. "Ya ce ciwon yana da haɗari, wanda ya yi wasa da shi zai ga abin da Mika'ilu ya gani. Amma wanda ya riƙe shi da kyau yana aure, yana haihuwa, yana tsufa. Na tambaye shi har abin da ba a faɗa. A kan layi ma na zauna kusa da wani dattijo, tun yana saurayi yake allurar nan, jikarsa ce ta rako shi."

"To, alhamdu lillahi."

"Ba ki ji komai ba. Layin nan ya yi tsawo, sai yaron nan ya buɗe jaka ya zaro saƙarsa. A gaban jama'a! Na ce Kailani, ka rufa mana asiri. Ya ce Baba, ɓoye-ɓoye ne ya kai ni ƙasa a kasuwa, na daina. Can kuma ya ce in riƙe masa zare. Ni!"

"Ka riƙe?"

"To in ban riƙe ba gangarawa zai yi ƙarƙashin benci."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Alhaji ya harare ta, sannan ya ɗaga murya. "Ke mai laɓe, fito."

Rauda ta zo ta durƙusa.

"Kin ji abin da ke ciki. Babu warkewa. Wata rana zai faɗi, ke kaɗai ce a gidan. Wata rana kuna cikin daɗi jiki zai ƙi. Ba zancen waya ba ne wannan. Za ki iya?"

"Baba, shi kaɗai ya ɗauka tun yana yaro. Mu biyu ne za mu kasa?"

Ya daɗe yana kallonta. Sai a lokacin ta lura idanunsa sun kaɗa.

"Ki ce kawunsa ya zo."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Kafin nan makaranta ta mayar da Kailani bakin aiki, har shugaban ya zo ɗaurin auren yana ta ba da haƙuri. Rauda dai ta ce ita ba ta huce ba tukuna.

Tana ɗaki cikin ƙawaye, lalle ya kama jawur, saƙonsa ya shigo:

"An ɗaura. Yanzun nan aka shafa fatiha. Rauda, duk tsawon shekarun nan ban taɓa yarda zan ga wannan rana ba. Allah ya saka miki da alheri, matata."

Ta kifa wayar a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da la'asar, ana shirin kai amarya, gwaggon nan ta matso tana gyara mata lulluɓi, ta ce a ƙasa-ƙasa, "To, Allah dai ya sa ya yi ƙarko." Amarya ta yaye mayafi za ta ba da amsa, Inna ta mintsine ta a cinya.

"Yau ɗaya dai, Rauda. Yau ɗaya ki bar wa Allah."

Aka kai ta gaban Alhaji a zaure don sallama. Ya sa aka shigo da Kailani ma, suka durƙusa gefe da gefe.

"Kailani, ga Rauda nan. Da bakina na ce ba zan ba ka ita ba, yau kuma da hannuna na ba ka, ban kuma yi da-na-sani ba. Tana da faɗa, ka yi haƙuri da ita. Amma duk wanda ta tsaya wa, ya sami gata. Ka kula da lafiyarka, yanzu ba taka ba ce kai kaɗai."

"In sha Allahu, Baba."

"Ke kuma, ba majinyaci na ba ki ba, miji na ba ki. Ki girmama shi."

Ya ɗaga hannuwa. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuriya mai albarka. Allah ya ja kwananku, ku tsufa tare, ku ga jikokinku."

Zauren ya ɗauka da amin. Daga cikin gida guɗa ta tashi. Rauda, a ƙarƙashin mayafi, hawaye na bin kumatunta, ta ji amin ɗin Kailani a kusa da kunnenta, a hankali, ya fi na kowa tsawo.